Ƙosawa Dabam, Nuna Dabam

Duk wanda ya shiga kasuwar Ramin Kura a birnin Sakkwato da sanyin safiya, sa'ad da kayan lambu ke sauka daga Kware da Wurno da Goronyo, ba zai daɗe ba sai ya ji gardama a kan kalma ɗaya. Mai kaya yana cewa ya nuna, mai saye yana cewa bai nuna ba. Wannan gardama tsohuwa ce, ba ta kuwa da wani lahani, domin ido yana gani, hannu yana taɓawa, in an matsa sai a yanka a ɗanɗana.

Gardamar da ke da lahani ita ce wadda ke kwance cikin takarda: rubutun da ke jikin ƙunshin iri, da takardar malamin gona, da saƙon mai sayen kaya daga Ikko, da takardar rancen banki. Yawancinsu da Turanci a ke rubuta su, kalmomi biyu kuwa ke yawo cikinsu, watau "ripe" da "mature". Akawuna da yawa, da 'yan makarantar da a kan kira su karanta wa iyayensu, su kan juya duka biyun da kalma guda, su ce "ya nuna". Daga nan asara ta kan soma, tun ba a taɓa lauje ba.

Asalin kalmomin

Kalmar "ripe" ta Ingilishi ce tun asali, 'yar'uwar "reap" ce, wadda ke nufin yin girbi. Yau an fi faɗinta ga ɗan itacen da ya yi laushi, ya yi zaƙi, launinsa ya juya, ya isa a sa a baki. Ita kuwa "mature" aro ce daga Latin, harshen Rumawan dā, inda ta ke nufin abin da lokacinsa ya yi. Ana faɗinta ga duk abin da ya gama girmansa, ko shuka, ko itace, ko dabba, ko mutum. Har bashi ma da ita a ke faɗi in ranar biyansa ta zo.

Bahaushe bai rasa kalma ko ɗaya ba a nan. Mangwaro ya kan nuna, gwanda ta kan nuna. Rogo da doya da duma su kan ƙosa. Kuka da ƙirya su kan riƙa, haka bijimin sa. Yaro ya kan balaga. Bashi kuwa wa'adinsa ya kan cika. Ashe inda Bature ya ɗora wa "mature" ita kaɗai kaya huɗu, Hausa ta raba kayan nan ga kalmomi huɗu, kowace da nata. Aikin mai fassara ke nan ya zaɓi wadda ta dace. A sha'anin gona hanyar a miƙe ta ke: "mature" shi ne ya ƙosa, "ripe" shi ne ya nuna.

Wani zai ce wannan ai ƙaƙale ne irin na 'yan boko, tun da Bahaushe da kansa ya kan ce gero ya nuna, Bature ma ya kan ce alkamarsa ta yi "ripe". Gaskiya ne, a hira ba wanda ke auna kalmomin nan da sikeli. Amma masanan noma da manyan masu cinikin amfanin gona sun raba su sarai, takardun da ke zuwa hannun manomi kuwa su ne ke rubuta su. Ga misalai, kowa ya auna da kansa.

Tumatir da hanyar Ikko

Masu cinikin tumatir a Amurka sun kasa launinsa mataki shida, tun daga kore shar har ja wur. Matakin fari su kan kira shi "mature green". Wanda ya san "mature" da nuna kawai, in ya ga wannan sai ya rikice, domin yaya za a ce nunanne kuma kore? Ma'anarsa ita ce ya ƙosa amma bai nuna ba. Kalmar "green" ma tana da fuska biyu, wani lokaci launi ta ke nufi, watau kore, wani lokaci kuwa ɗanye. Gwajin ƙosawar tumatir ba wuya: a yanka ɗaya da wuƙa mai kaifi. In 'ya'yan cikinsa sun zame sun kauce wa wuƙa, ga kuma ruwa mai yauƙi kewaye da su, to, ya ƙosa. In wuƙa ta raba 'ya'yan, da sauransa.

Tsakanin Sakkwato da Ikko wajen kilomita 1,000 ne. A ce mai saye ya aiko a ɗora masa kwando 100 na "mature", akawu ya gaya wa manoma nunanne a ke so. Sai a tsinko ja wur, a jibga kwando bisa kwando, mota ta yi kwana biyu cikin rana. Kafin a kai, ruwan tumatir ne ke tsiyaya daga ƙarƙashin mota, mai saye ya ce ba abin da ya yi oda ke nan ba, manomi ya ce an cuce shi. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu, kalma ce ta kauce a tsakani. Wanda kuma ya ji an ce a tsinka yana kore, ya je ya tsinke wanda bai ƙosa ba, shi ma ya yi asara, domin irin wannan ya kan yanƙwane, in ma ya yi ja daga baya ba ya yin daɗi.

Wanda ke nuna a kwando da wanda ba ya yi

Wajen shekarar 1925 waɗansu masana biyu a Kambirij ta ƙasar Ingila, Kidd da West, suka gano cewa a cikin numfashin da tuffa ke yi bayan an tsinke ta akwai lokacin da numfashin ke hauhawa gaba ɗaya, sa'an nan ne nuna ke kama ta. Cikin 1934 wani mai suna Gane ya tabbatar da cewa ɗan itacen da kansa ke fitar da wata iska, etilin, ita ce ke sa shi nuna. Wannan shi ne sirrin abin da tsofaffin 'yan kasuwa suka sani tun tuni, cewa in an rufe ƙosasshen mangwaro cikin buhu tare da nunanniyar ayaba, ya kan yi saurin nuna.

Amma ba kowane ɗan itace ke da wannan hali ba. Tumatir da mangwaro da ayaba da gwanda da gwaiba, in sun ƙosa, su kan ƙarasa nuna ko an raba su da uwarsu. Kankana da lemo da abarba da inabi ba su ƙara zaƙi bayan an cire su. Mai lambun da ya cire kankana da wuri, yana cewa za ta nuna a hanya kamar mangwaro, ya sayar wa mutane ruwa ne kawai. Kankana sai ta nuna a jikin uwarta: ɗan zaren nan mai lanƙwasa da ke kusa da ita ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa ya koma rawaya-rawaya, in an ƙwanƙwasa ta yi ƙara mai nauyi. Lemo kuma a ƙasashe masu zafi ya kan nuna ɓawonsa yana kore, domin sanyin dare ne ke juya launinsa. Koren lemon da a ke kawowa daga Binuwai ba lalle ne ɗanye ba.

Rashin raba ƙosawa da nuna shi ne kuma ya buɗe wa kabaid ƙofa, sinadarin nan na masu walda. Waɗansu su kan kakkaɓo mangwaro tun bai ƙosa ba don su riga kowa shiga kasuwa, su rufe shi da kabaid. Iskar da ke fita daga kabaid tana kwaikwayon etilin, sai ɓawo ya yi rawaya. Amma zaƙin mangwaro daga garin da ya tara lokacin ƙosawa ya ke samuwa, wanda bai ƙosa ba kuwa ba shi da abin da zai juya ya zama zaƙi. Shi ya sa a kan sami waje rawaya, ciki tsami. Bayan wannan, kabaid na kasuwa yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa masu cutar da jiki. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta hana nunar da 'ya'yan itace da shi, cikin 2023 ma ta yi gangamin gargaɗi a kan haka. Ƙosasshen mangwaro ana gane shi: kafaɗunsa sun cika sun taso kusa da mariƙinsa, in an yanka naman da ke kusa da ƙwallo ya soma yin rawaya.

Albasa ba ta nuna, sai dai ta ƙosa

Albasa ita ce dukiyar fadamun Rima, daga Goronyo har Kwalkwalawa, haka a Aliero ta jihar Kebbi da Galmi ta ƙasar Nijar. Ba wanda ya taɓa jin nunanniyar albasa. Alamar ƙosawarta a wuya ta ke: wuyan ya yi laushi, lawashi ya kwanta da kansa. Masana sun ce a jira sai rabin gona ko kashi uku cikin huɗu ya kwanta, a kuma ɗauke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire. Waɗansu su kan bi gona suna take lawashi da ƙafa don ya kwanta da wuri. Wannan yaudarar kai ce, domin karya wuya ba ya ƙosar da albasa, tsayar da girmanta ya ke yi.

Ga wata kalma kuma da ke biye da wannan cikin takardun malaman gona, watau "cure". Akawu ya san ta a asibiti da ma'anar warkarwa, har wani ya kan zaci magani za a zuba wa albasa. Abin da a ke nufi shi ne a shanya ta a inuwa inda iska ke ratsawa, mako ɗaya ko biyu, har wuya ya bushe ya rufe, ɓawo ya yi ƙarar takarda. Albasar da a ke cirewa daga Fabrairu zuwa Afrilu ta kan tarar da kasuwa a cike, farashi a ƙasa. Riba tana wajen wanda ya iya ajiye ta a rudu har ƙarshen damina zuwa kaka, sa'ad da ta ke tsada. Wadda aka cire da ɗanyen wuya kuwa ta wuyan nan ruɓa ke shigarta, guda ɗaya ta lalata maƙwabtanta. Mai ita sai ya buɗe rudu cikin Agusta ya tarar da wari a maimakon kuɗi.

Hatsi: ƙosawa ba bushewa ba ce

Manomin Sakkwato ya san matakan hatsinsa ɗaya bayan ɗaya: ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, ya yi nono, ƙwaya ta yi tauri. In takarda ta ce masara ko dawa ko gero ya zama "mature", tana nufin ƙwaya ta gama cika, ba ta ƙara karɓar kome daga kara. Alamarsa ɗan baƙin ɗigo ne a gindin ƙwayar, wurin da ta ke manne. Amma a ranar nan ƙwayar masara tana ɗauke da ruwa wajen kashi 30 cikin 100 na nauyinta, alhali kuwa rumbu ba ya son abin da ya wuce kashi 13. Wanda ya ji "mature" ya zaci an ce ya isa ajiya, ya ɗura a buhu, funfuna ya ajiye. Ƙosawa ta ba da izinin yanka ne kawai, izinin rumbu sai bushewa ta ba da shi.

Shinkafa ita ce ta fi tsanani. Lokacin yankanta shi ne sa'ad da kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na ƙwayoyin zangarniya suka koma launin bushasshiyar ciyawa. In an yi gaggawa, ƙwaya da yawa ba ta cika ba, sai ƙaiƙayi. In an yi jinkiri ta kan zube a gona, jan-baki ya ci rabonsa, wadda ta saura kuma ta kakkarye a injin casa. Bayan yanka a shanya har ruwanta ya sauko kashi 14.

Gyaɗa kuwa tana ɓoye cikin ƙasa, ganye ba ya faɗin gaskiyarta duka. A tuge tushe kaɗan daga wurare dabam-dabam na gona, a ɓare. In cikin ɓawon guda bakwai ko takwas daga cikin goma ya yi duhu-duhu, ta ƙosa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Cikin 1960 'yan talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kai daga Barazil, mai ɗauke da dafin wata funfuna. Dafin nan shi a ke kira aflatoksin, yana kuwa lalata hantar mutum da ta dabba. Tun daga lokacin masu sayen gyaɗa na ƙasashen waje suka dage a kan gwaji. Gyaɗar da ba ta ƙosa ba ta kan riƙe ruwa ta daɗe ba ta bushe ba, wadda aka bari ta wuce lokaci kuma ɓawonta ya kan lalace cikin ƙasa, dukansu biyu funfuna ta fi samun hanyar shigarsu.

Kada kuma a zaci "mature" kullum yabo ne. Kuɓewa in ta ƙosa ta tashi daga kayan miyar ɗanya, kowace mace ta sani, shi ya sa a ke karya ƙarshenta a kasuwa a ji ko zai ɓalle. Kwana huɗu zuwa shida bayan fure a ke tsinke ta. Masarar gasawa da tumu su ma kafin su gama ƙosawa a ke cin su. Amma mai neman irin kuɓewa na baɗi dole ya bar ta ta ƙosa har ta bushe a kan kara. Shuka ɗaya, lokaci biyu, bisa ga abin da a ke nufin yi da ita.

Lissafin kwanaki da ranar biyan bashi

Daminar Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, da ƙyar ta ke wuce wata huɗu. Shi ya sa tun zamanin kakanni aka raba gero mai sauri da maiwa mai jinkiri. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara sa masana neman iri mai gajeren zango. Geron SOSAT, wanda aka fitar wa manoman Nijeriya cikin 2000, ya kan ƙosa cikin wajen kwana 90. Masarar da a ke rubuta wa "extra-early" tana ɗaukar kwana 80 zuwa 85, wadda a ke rubuta wa "early" kwana 90 zuwa 95. Bambancin kwana goma ne, amma a shekarar da ruwa ya ɗauke farkon Satumba, kwana goman nan su ne tsakanin cikakken goyo da holoƙo.

Sai dai a lura da inda lissafin ya soma. Ga hatsi daga ranar shuka a ke ƙirgawa. Ga tumatir da barkono da sauran abin da a ke dasawa, sau da yawa daga ranar dashe ne. Albasa ta kan yi mako shida zuwa takwas a wurin reno kafin a dasa ta. Mai lambun da ya ɗauki kwanakin da ke jikin gwangwanin iri ya ƙirga daga ranar da ya watsa iri, zai iya kuskurewa da wata ɗaya da rabi. Sai zafin Afrilu, wanda a Sakkwato ya kan wuce awo 40, ya riske shi rijiya ta ja baya, kuɗin man inji ya ƙare, albasa kuwa ba ta kwanta ba.

Nan ne "mature" ta banki ke shigowa. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya buɗe shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, manoma da yawa a wannan yanki suka san sa hannu a takardar bashi. In takarda ta ce "maturity date", ba ruwanta da gona, ranar cikar wa'adin bashi ta ke nufi. Manomin da aka fassara masa cewa sai amfani ya nuna zai biya, ya sa hannu da kwanciyar rai, alhali ranar tana nan a rubuce, ko shinkafa ta ƙosa ko ba ta ƙosa ba. In wa'adin bashi ya riga ƙosawar gona, dole ya yanka ɗanye ko ya sayar a tsaye da araha. Kafin a dangwala yatsa, lalle ne a jera ranakun nan biyu a gani: ta gona, har da kwanakin shanya da sussuka da kai kasuwa, sa'an nan ta banki.

Abin da ya kamata

Akawu ko ɗan makarantar da aka miƙa wa takarda amana aka ba shi. In ya ga ɗaya daga kalmomin nan, ya tsaya ya tambaya: ƙosawa a ke nufi ko nuna? Don ci ne yau, ko don doguwar hanya, ko don rumbu, ko don iri? Daga wace rana aka soma ƙirga? Ba kunya ba ne ya ce bari ya tambayi malamin gona. Matambayi ba ya ɓata.

Masu sayar da iri da magungunan gona, tun da kuɗin manoma su ke nema, ya kamata su sa bayanin kayansu da Hausa, da boko da ajami, su kuma rubuta a fili ko daga shuka ne ko daga dashe. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a Sakkwato cikin 1975, tana da malaman noma, tana kuma da malaman Hausa. Da za su zauna tare da tsofaffin manoman fadama su tsara ɗan littafin kalmomin girbi, a riƙa karanta shi a gidan rediyon Rima kafin kaka da kafin cirar albasa, da an rage asara mai yawa da kuɗi kaɗan.

Shi kuma manomi kada ya bar takarda ta ƙwace masa ido. Kwanakin da aka rubuta kimantawa ce, ƙasa da ruwa da sanyi su kan ƙara ko su rage. Wuyan albasa da cikin ɓawon gyaɗa da baƙin ɗigon masara su ne shaidun da ba su karɓar toshiya. Kalmar ƙosa kuwa a Hausa tana da wata ma'ana da kowa ya sani, ta mutumin da haƙurinsa ya ƙare. Yawancin asarar da aka lissafa a nan ta faru ne domin mai gona ya ƙosa kafin gonarsa ta ƙosa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a girbe a kan kari.